Jami'ar Katolika ta ba ni gurbi, Kawu ya ce sai dai Riyad

Hanan Rusaifa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Na gama digirin farko a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, sashen khidma ijtima'iyya, aikin kula da walwalar jama'a. Yanzu majistir, wato digiri na biyu, nake so in yi a ɓangaren asibiti, inda ake koya wa mutum zama da mai ciwon damuwa, ko mai shaye-shaye, ko ma'auratan da zama ya ƙi, a yi magani ta hanyar zantawa, ba cike takardun tallafi kawai ba. Wuri biyu na nema. Ɗaya Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad, ina jiran amsarsu. Ɗayar wata jami'ar Katolika ce a Amurka, sun riga sun ba ni gurbi, har da ragin kuɗin makaranta. Umma ta ce in yi istihara. Kawuna ya ce ko da wasa, wai yaya za a yi 'yar Makka ta je limaman coci su koya mata gyaran zukatan Musulmi. Ni kuma abin da ya dame ni daban ne: a wacce zan fito na iya aikin da gaske?

Sadiya Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Mabruk Hanan! Ni ban san kan abin ba, amma in Amurkar ce ki sa ni a akwati.

Abu Mus'ab Madina: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka. Ni ina bayan kawunki, kuma ba don ƙin ilimi ba. Da likitan haƙori za ki karanta, ko Mosko ce sai mu ce Allah ya kiyaye hanya, haƙorin kowa iri ɗaya ne. Wannan fanni kuwa tambayoyinsa su ne: mene ne mutum, mene ne aure, wane haƙƙi uba yake da shi a kan ɗansa, yaushe za a ce wa mace ta zauna, yaushe za a ce ta fita. Duk amsar da aka ba ki akwai aƙida a ƙarƙashinta. Marigayi Farfesa Malik Badri tun 1979 ya rubuta littafi yana jan kunnen Musulmi masana halayyar ɗan'adam da suka kwaso ra'ayoyin Freud, masanin Turai a wannan fanni, ba tacewa. Kuma ba mu rasa namu ba. Abu Zaid al-Balkhi, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san sanadinsa kamar rashi ko asara, da wanda yake sauko wa mutum haka kawai daga jiki, ya kuma bayyana yadda ake bi da kowanne. Jami'ar Imam tana da sashen ilimin zamantakewa da khidma, ga Kulliyar Shari'a a kusa. Me aka rasa a gida?

Ɗan Mai Wurno: Ya Ustaz, da girmanka, shaidar da ka kawo ita za ta kayar da kai. Malik Badri namu ne, ɗan Rufa'a ta Sudan, ɗan Babikir Badri wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, wadda daga ita aka samu Jami'ar Ahfad ta Umdurman. Ina ya yi karatu? Jami'ar Amurka ta Beirut, wadda 'yan mishan suka kafa, sannan ya yi dakta a Ingila. Da bai shiga ya ga cikin abin ba, da me zai soki Freud? Kuma bai taɓa cewa a zubar da komai ba. Da dabarun gyaran ɗabi'a da ya koyo a can ya riƙa yi wa mutane magani, har a nan Riyad ɗin.

Ni jami'ar Musulunci na yi a Sudan, ba sai na kira suna ba. Darussan ta'asili, na ɗora ilimi a kan tushen Musulunci, mun sha su har mun ƙoshi, kowane babi da ayarsa da hadisinsa, kuma ban raina ba. Amma horon zama da mara lafiya, takarda ce kake kai wa wani ofishi a buga maka hatimi. A 2022 da rikicin jihar Nilul Azraƙ ta Sudan ya tashi, mutanenmu suka gudo daga Rusairis da ƙauyuka, aka zuba su a makarantu, mu masu shahada, wato takardar digiri, muka je taimako. Akwai wani yaro, bai fi shekara tara ba, ya daina magana, yana fitsarin kwance, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci. Mu duk abin da muke da shi nasiha ce, yaro kuma ba nasiha yake ji ba. Wata mata da ta sami horon kula da masu firgici ita ta zauna a ƙasa kusa da shi da takarda da fensir masu launi, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce wa uwar ta daina tsawata masa kan fitsarin, ta riƙa kwantar da shi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum. Da ya fara zane, gidansu ya zana ba rufi. Daga nan magana ta fara dawowa. Ban tambayi matar wace jami'a ta yi ba, amma na san wani ya tsaya a kanta ya koya mata.

Abu Mus'ab Madina: Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa. Amma ya akhi, gazawar makaranta ɗaya ba hujja ba ce a kan dukkan jami'o'in Musulunci. Kuma Malik Badri namiji ne da ya tafi da tushensa a ƙasa. Ba kowa ne yake shiga ya fito yadda ya shiga ba.

Anti Ohayo: Hanan, ni antinki ce ko ba ki san ni ba, a unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni. Irin makarantar da kike magana ita na yi, kuma da aikin nake ci yanzu a jihar Ohayo ta Amurka. Bari in faɗa miki yadda abin yake, don naga ana ta hasashe.

A Amurka ba sunan coci ake fara dubawa ba. Akwai hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni, CSWE. In ba ta amince da shirin ba, kin yi asarar kuɗinki, a yawancin jihohi ba za ki sami lasisi ba. In ta amince, to Fordham da Loyola da Boston College na Katolika, da Baylor ta 'yan Baftis a Teksas, da Yeshiva ta Yahudawa, duk ma'auni ɗaya ake auna su da shi da jami'o'in gwamnati. Sharaɗi mafi nauyi shi ne aƙalla awa 900 na aiki a fili kafin a ba ki majistir, a asibiti ko makaranta ko gidan kula da masu shaye-shaye, ƙarƙashin wanda ya ƙware. Shekara biyu ce. Masu digirin farko da hukumar ta amince da shi suna iya yi a shekara ɗaya, kuma tana da ofishin da ke auna shahadar waje, ki tura taki su duba. Bayan kin gama ma ba ki zama mai cin gashin kanki ba. Kowace jiha da dokarta, amma a da yawa sai kin ƙara kusan awa 3,000 ana duba ki, ki ci jarrabawa, sannan a ba ki lasisin asibiti.

Wa'azi kuma, wallahi a inda na yi ba wanda ya taɓa ce min in shiga coci. Malamar da ta fi tsananta mana sista ce, da ɗankwalinta, kuma ita ce take jan jan layi a takardar duk ɗalibin da ya yi wa mara lafiya wa'azi, Kirista ne ko waninsa. Amma ba duka ɗaya ba ne. Wasu jami'o'in addinin suna sa ɗalibi ya sa hannu a takardar ɗabi'a ko ta aƙida. Ki karanta komai kafin ki biya ko sisi.

Abin da nake so Ustaz ya ji shi ne wannan. Yanzu ni ma ina duba ɗalibai. Muna sa su rubuta zaman da suka yi layi-layi: me mara lafiya ya ce, me na ce, me na ji a raina a lokacin. Wata ɗalibata 'yar Somaliya, hafiza ce, ta zauna da wata mata da ɗanta ya rasu. Matar ta fara cewa tun ranar ta kasa ɗaga hannu ta yi addu'a, sai ta fashe da kuka. Nan take ɗalibar ta karanta mata ayar da ke cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Matar ta share hawaye ta ce haka ne, ta koma zancen kuɗin haya. Na ce wa ɗalibar, ayar gaskiya ce, ba musu, amma a wannan minti don wa kika karanta ta? Ta yi shiru, sannan ta ce tsoro ta ji, kar matar ta furta abin da zai zama saɓo a gabanta. To ka ga, kukan ne ta kasa ɗauka. A zama na gaba ta bar matar ta faɗi abin da ke cikinta har ƙarshe, da fushin da komai. Daga baya matar da kanta ta dawo da zancen ayar, ta ce a ƙara karanta mata. Wannan ba a lacca ake koyonsa ba, sai wani ya zauna da rubutunki ya tambaye ki.

Abu Mus'ab Madina: Hajiya, na ji, kuma labarin ya shige ni. Amma ki faɗa mana gaskiya. In aka kawo miki wanda rayuwarsa ta saɓa wa shari'a ƙarara, kuma ba tuba ya zo nema ba, ya kike yi? Ba a tilasta muku ku ce daidai ne?

Anti Ohayo: Ba zan ɓoye ba, nan ne wurin da yake da nauyi. Za a koyar da ke darussa kan jinsi da zamantakewar da ba ki yarda da su ba, a jami'ar coci ma haka ne, kuma ƙa'idar aikin ta hana ki kori mutum ko ki wulaƙanta shi saboda yadda yake rayuwa. Ba a ce ki canza aƙidarki ba, amma ɗakin ba mumbarinki ba ne. Ni yadda na ɗauke shi, wanda ya zo yana tunanin kashe kansa, aikina ya kwana da rai. Akwai 'yan'uwa da suka ga ba za su iya ba suka koma aikin tsofaffi ko na masu ciwon daji, kuma ban ga laifinsu ba. Hanan ta san da wannan tun yanzu.

Baban Walid Mu'aƙƙib: Ku kuna ta falsafa, ni takarda na sani. Hanan, tambaya ɗaya: ina za ki yi aikin? In nan Saudiyya ne, ba wanda zai bar ki ki taɓa mara lafiya sai da tasnifi, wato matsayin da hukumar ma'aikatan lafiya, Hai'ar Takhassusat Sihhiyya, take bayarwa. Su ke cewa wannan ahissa'i ne, wato ƙwararre, wannan ahissa'i awwal, na sama da shi, wannan istishari, na ƙoli, gwargwadon shahada da shekarun aiki. Shahadar waje kuma sai an yi mata mu'adala, a daidaita ta da ta gida, a Ma'aikatar Ilimi, a kuma bi ta kamfanin tantance takardu na DataFlow a tabbatar ba ta bogi ba ce. Kafin ki yi murna ki shiga ki duba ko jami'ar tana cikin waɗanda ma'aikatar ta amince da su, da wannan fannin takamaimai. Kuma ki tabbatar karatun na zama a aji ne. Na ga waɗanda suka yi na intanet suka zo suna yawo da fayil daga taga zuwa taga.

Na biyu kuɗi. Sun ce ragi, ba su ce kyauta ba. Duk dala ɗaya riyal 3.75 ce. Ki haɗa saura da haya da inshorar lafiya ki ninka, sannan ki kai wa Umma lissafin. Awa 900 ɗin da Hajiya ta faɗa kuma galibi ba a biya.

Na uku, Hajiya ta gyara min in na kauce: bizar ɗalibi shekara ɗaya take ba mutum ya yi aiki bayan ya gama. Awa 3,000 ba sa shiga shekara ɗaya. Ke nan sai wani ya ɗauki nauyin bizarki, ko ki dawo da majistir ba lasisi.

Na huɗu, wane fasfo kike riƙe da shi? Don aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne, kowa ya san zancen sa'awada, tsarin fifita 'yan Saudiyya a aiki.

Anti Ohayo: Ba ka kauce ba Alhaji, haka yake. Wannan shi ke karya ɗaliban waje da yawa.

Hanan Rusaifa: Baba, fasfona kore ne na Najeriya, amma Umma 'yar ƙasa ce, igamata, takardar izinin zamana, a kanta take.

Baban Walid Mu'aƙƙib: To alhamdu lillahi, kin fi wasu. 'Yar muwaɗina, wadda uwarta 'yar ƙasa ce, a karatu da magani kamar 'yar ƙasa ake ɗaukarta, kuma a kamfani ko asibitin kuɗi ana lissafa ki cikin kason sa'awada, sai su so ki. Amma wannan gatan a nan yake aiki, a can ke baƙuwa ce kamar kowa. In kin tashi tafiya ki kula da khuruj wa auda, bizar fita da dawowa, da ranar ƙarewar igama, kar ki je ki maƙale.

Maman Rayyan Jidda: Tun ɗazu nake karantawa a wurin aiki, sai yanzu na sami sarari. Ni nas ce. Duk inda za ki je, Hanan, ki je ki dawo, don akwai abin da kike da shi wanda jami'o'in biyu ba za su ba ki ba, kuma shi muke nema a asibiti kamar me: Hausa.

An taɓa kirana daga wani sashe in yi tafinta. Yarinya ce ƙarama, an auro ta daga gida, haihuwar fari, ko arba'in ba ta yi ba. Ta daina ba jariri nono, ba ta barci, tana zaune tana kallon bango. Likita Bamisire, nas 'yar Filifin, mijin ne yake fassara. Duk abin da aka tambaya sai ya ce ta ce lafiya lau, gajiya ce. Ahissa'iyyar wurin, wato ma'aikaciyar walwalar jama'a, mace ce mai kirki, ta san aikinta, ita ta lura da shatar bulala a ƙafafun yarinyar, ta ce a fitar da kowa a nemo mace mai jin yarenta. Da na shiga na ce sannu ƙanwata, ya jego, ta ɗago ta dube ni ta riƙe min hannu. Ta ce, Anti, ku ɗauke shi daga wurina, ana ce min in jefa shi ta taga. Ashe sun kai ta wurin wani mutum a wani ɗaki, ya ce aljani ne, ya yi ta dukanta yana shaƙe ta. Ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana jin magani. An kwantar da ita, ta warke, na gan ta daga baya da ɗanta a baya. Amma ku duba, ni ba wannan na karanta ba. Na fassara ne kawai. Wa zai zauna da surukar ya fahimtar da ita ba tare da ta ji an zage ta ba? Wa zai bi su gida? Ahissa'iyyar ba ta jin Hausa, ni kuma ina da marasa lafiyata.

Sadiya Hindawiyya: Innalillahi. Jikina ya yi sanyi. Irin wannan a unguwa cewa ake yi ta gamu, shi ke nan.

Abu Mus'ab Madina: Wannan mutumin azzalumi ne, ba mai ruƙya ba ne. Ruƙya ta shari'a karatu ce da addu'a, babu bulala babu shaƙa. Ni kaina in aka kira ni nakan tambaya ko mutum yana barci, ko yana cin abinci, ko ya sha wani abu. Amma ku ma ku karɓi naku. Me ya sa mutane suke fara zuwa wurinmu? Don in tsohuwa ta ce wa wani mai farin kaya ana danne ta da dare, murmushi zai yi ya rubuta ƙwaya. Mu kuwa muna zama mu ji. Shi ya sa nake tsoron a tura 'ya'yanmu su dawo suna yi wa iyayensu irin wannan murmushin.

Ɗan Mai Wurno: A nan kam na ba ka gaskiya. Dakta Tijani al-Mahi, wanda ya buɗe asibitin masu taɓin hankali na farko a Bahri ta Khartum a 1949, bai yaƙi shehunan masid, masu tsangayu, ba. Zuwa ya riƙa yi wurinsu, ya san cewa a hannunsu marasa lafiya suke, suka riƙa turo masa waɗanda suka fi ƙarfinsu. Shi ma a Ingila ya ƙware, ka lura. Yau ga shi tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 komai ya watse, likitoci sun bazu, mutanenmu na Madani da Sinja wasu suna Gadarif, wasu sun tsallako nan. Ka shiga gidajensu a Jidda ka ga masu firgita in jirgi ya wuce. Ba su da lokacin jiran mu gama muhawarar wace jami'a ce ta fi tsarki.

Abu Faisal: Salamu alaikum. Ni ne kawun da ake ta magana, ashe ba ta san ina cikin zauren ba. Hanan, na karanta duka.

Hajiya ta Ohayo, na gode, kin faɗi gaskiya har da wadda ba ta yi miki daɗi ba. Amma ki duba, ke kanki a Jarwal aka haife ki, yau ina kike? Wannan shi ne tsorona na farko, ba coci kaɗai ba. Waɗanda suka tafi daga unguwarmu, nawa suka dawo? Uwarta ita kaɗai gare ta mace. Ga zancen muharrami, wanda ba wanda ya taɓo shi a cikinku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na biyu, a ce ta je ta dawo da lasisin duniya. Wa zai faɗa mata sirrinsa a Rusaifa? Mu nan kowa ɗan'uwan kowa ne. Matar da za ta ce mata mijina yana dukana, daren Juma'a za su haɗu a zauren biki, uwar mijin kuma ƙawar kakarta ce. Mutanenmu har yau in ka ce likitan ƙwaƙwalwa sai su ce za a kai ka Shihar, asibitin masu taɓin hankali na Ɗa'if. Waɗanda ba su da igama kuwa, duk mai ɗauke da fayil a wurinsu ɗan jawazat ne, jami'in shige da fice.

Sadiya Hindawiyya: Kawu ina wuni. A Makka ina muka ga rimi, sai dai ta hau Burjus Sa'a, dogon benen agogo.

Abu Faisal: Ke Sadiya, zan haɗa ki da babanki.

Anti Ohayo: Yaya, ka kama ni, ban da ta cewa kan rashin dawowa, aure da 'ya'ya suka riƙe ni. Zancen muharrami kuma naku ne na gida da malamai, ba zan sa baki ba. Amma na sirri, shi ma darasi ne da ake koyarwa a yi jarrabawa a kai. Ba a duba dangi, ba a duba maƙwabta na kusa, turawa ake yi wurin wani. In kun haɗu a biki ba ke za ki fara nuna kin san ta ba. Kuma mutane suna gwada ki ne: su ba ki ƙaramin sirri su jira su ji ko zai fito. In shekara ta zagayo bai fito ba, za su kawo babban.

Maman Rayyan Jidda: Sai dai a faɗa mata iyakar sirrin a nan. Tun dokar kariya daga cutarwa ta 2013, ma'aikacin da ya ga alamar cin zarafi a bakin aikinsa dole ya sanar, ba zaɓi ba ne. Ga layin 1919 na kai rahoto. To ranar da yaron da aka ƙona da dutsen guga ya zama jikan aminiyar Umma fa? Wannan dokar da yadda ake bi da ita a cikin dangi irin namu, a Riyad za a koya mata, ba a Amurka ba. Ni shi ya sa ban ce a yar da Imam ba.

Hanan Rusaifa: Kawu, ka yi haƙuri, wallahi ban san kana nan ba, kuma ba ƙararka na kawo ba. Na gode muku duka. Ga abin da zan yi kafin in ce komai. Zan rubuta wa sashen na Riyad in tambaya awa nawa ne horon fili a majistir ɗinsu, a wane asibiti, wa yake duba ɗalibi, kuma yana zama da shi kowane mako ko hatimi ne kawai. Zan nemi waɗanda suka gama can in ji daga bakinsu. Na Amurka kuma zan duba amincewar hukumar da Anti ta faɗa, da jerin Ma'aikatar Ilimi, in tambaye su ko akwai takardar aƙida, in yi lissafin Baba da riyal.

Abu Faisal: Ki kawo min amsoshin biyu a rubuce, mu zauna da uwarki. Ban ce na yarda ba.

Baban Walid Mu'aƙƙib: Ki haɗa da hoton igama da fasfo ki turo min ta gefe in duba ranakun.

Abu Mus'ab Madina: Ni har yanzu Riyad nake zaɓa mata. Amma Maman Rayyan, tunda kina kusa, ina da tambaya ta gaggawa. Akwai wani matashi da aka kira ni in yi wa karatu, ya kwana uku bai runtsa ba, yana cewa maƙwabta suna yi masa magana ta cikin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaninsa ya raɗa min cewa shabu yake sha, wani mugun abin maye. Uban yana tsoron kai shi asibiti kar a kama shi.

Maman Rayyan Jidda: Ustaz, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙaƙe da makullin mota, kuma kar a yi masa gardama kan muryoyin. Yau za a kai shi, ba gobe ba, ko dai sashen gaggawa ko asibitin Irada na masu shaye-shaye da taɓin hankali, wanda a da ake ce wa Amal. Ka gaya wa uban doka ba ta tuhumar wanda ya kawo kansa neman magani ko danginsa suka kawo shi, in dai an miƙa abin da ya rage a hannunsa. In suna shakka su kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, su tambaya. Ka raka su da kanka, uban zai fi jin maganarka. Ka yi masa karatun a mota.